Tsarabar Hannu: Tarihin Allura da Zare daga Kano zuwa Hindawiyya

Idan akwai wanda ya dawo muku daga Hajji ko Umara kwanan nan, ku ɗauko tsarabar da ya kawo ku juya bayanta. Ko darduma ce, ko carbi, ko farar hula, ko jallabiyar yara, galibi za ku ga 'yar alamar da ke nuna a ƙasar Sin aka yi ta, ko Turkiyya, ko Bangladash. A Makka aka saya, wannan gaskiya ne, ladan wanda ya tuna da ku kuma yana nan. Sai dai hannun mutumin Makka bai taɓa kayan ba sai lokacin da yake zuba su a leda.

Ku da ke Ingila da Amurka da Jamus kuma kun san yadda watan Disamba yake. Har yanzu akwai tsofaffin mata cikin maƙwabtanku Kirista da ke zama su ɗinka jar safar nan da ake ratayewa a zuba wa yara kyauta, su yanka ƙyalle su yi taurari da ƙararrawa na ƙawata bishiyar Kirsimeti, su rubuta sunan jika da zare. Yaranku na gani a makaranta, wani sa'in har a ba su allura su gwada, sai su dawo gida da tambaya: "Mama, mu ba mu da irin wannan ne?"

Muna da shi. Ya daɗe ƙwarai, kuma da ƙafa ya tako daga ƙasar Hausa har bakin Bahar Maliya. Ragowarsa na nan Hindawiyya, unguwar da nake zaune a Makka, a hannun wasu tsofaffin mata da idanunsu suka soma gajiya. Ina so ku san tarihinsa tun masu shi na da rai, don ku sami abin faɗa wa yaran nan da ya wuce "e, muna da shi".

Kyautar riga

A watan Fabrairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya shiga Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a birnin shi ne tufafi: saƙa da rini da bugu da ɗinki. Ya ƙiyasta cewa tufar da Kano ke fitarwa a shekara, a mafi ƙaranci, ta kai ta wuri miliyan 300, kuma tana kaiwa Tambutu ta yamma, ta arewa kuma har Gat da Murzuk da Tarabulus.

A wancan zamani aikin a rabe yake. Mata ke gurza auduga, su shiɓa, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa, marina su rina, a kai bugu. Sannan mai zane, wanda sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, ya zana aikin a gaban riga: aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar. Daga nan maɗinki ya karɓa, kuma namiji ne, domin a lokacin ɗinkin riga sana'ar maza ce, musamman malamai da almajiransu. Zaren adon kuwa ko tsamiya, wato silikin da ake samu daga gidan wata tsutsa da ke kan itatuwa irin su tsamiya, ko alharini, jan silikin da fatake ke ƙetarowa da shi Sahara daga Tarabulus. Riga ɗaya mai aiki sosai takan ci watanni.

Ana sayar da irin wannan riga a kasuwa, amma babban aikinta kyauta ne. A daular Usmaniyya sarakuna na aika gaisuwa Sakkwato da riguna a ciki, Sarkin Musulmi shi ma yana raba riguna ga waɗanda yake son girmamawa. Sarki zai naɗa hakimi da alkyabba da rawani, ya sallami malami ko baƙo ko jarumi da riga. Wanda aka ba ya san wata nawa wani ya yi a duƙe yana aikinta, jama'a ma da sun gan ta a jikinsa sun sani. Saboda haka lokacin da ta ci shi ne ma'aunin girman da aka ba shi. Talaka ma yana yin nasa daidai ƙarfinsa: idan Sallah ta gabato a ɗinka wa yara sababbin kaya, a aika wa suruki hula, a kai wa malamin unguwa taguwa.

Jarin da ba ya nauyi

To, yaya wannan sana'a ta iso Makka? Ta hanyar alhazai, kuma hanyar ta girmi Barth da ɗaruruwan shekaru. Larabawa sun san mutanen yammacin Afirka da sunan Takarir, daga Takrur, wata tsohuwar masarauta a bakin kogin Sanagal. Daga nan kalmar "takari" ta samo asali, wadda yau wasu ke faɗa da raini ba tare da sanin tushenta ba. Mansa Musa ya yi Hajjinsa a 1324. Askiya Muhammadu na Songhai ya zo a 1496 zuwa 1497, har ya sayi lambu a Madina ya yi waƙafinsa ga mutanen Takrur. Waɗannan sarakuna ne, da zinariya suka zo. Talaka kuwa da sana'arsa ya zo.

A 1814 wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, wanda ya shigo Makka da sunan Shehu Ibrahim, ya rubuta yadda ya ga Takarir marasa hali suna neman guzuri. Wasu na dako, wasu na sharar gidaje da ɗebo itace. Wasu na gina 'yan murhunan yumɓu su shafa musu ja da rawaya, alhazai na saye don dafa gahawa. Wasu kuma na saƙa 'yan kwanduna da tabarmi da ganyen dabino. Kun ga ke nan, sama da shekara 200 da suka wuce, aikin hannun mutanen yammacin Afirka na cikin abin da alhaji ke saye a garin nan.

Babbar ƙaura ta zo ne a 1903. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Daga nan hanyar ba ta sake bushewa ba: Kano, Maiduguri, Fort Lamy da yau ake kira Njamena, Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, har Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru. A tsaya a yi noma, a yi ƙodago, a tara ɗan abin da aka tara, a ƙara gaba. Bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama babban zango, inda mutanenmu da yawa suka yi tsinkar auduga don kuɗin jirgi. An haifi yara a hanya, an yi aure a hanya, an binne iyaye a hanya.

Ku yi tunanin wanda zai yi irin wannan tafiya, me zai ɗauka? Manomi ba zai ɗauki gonarsa ba. Marini ba zai ɗauki karofi ba. Maƙeri ma kayansa da nauyi. Allura kuwa a jikin hula ake soke ta, ko a bakin zane. Duk inda ayari ya yada zango, maɗinki ya sami inuwar bishiya, to shagonsa ya buɗe. Hausawa na cewa allura ma ƙarfe ce, waɗanda suka bi wannan hanya sun fi kowa sanin gaskiyar maganar.

Bayan ƙofofin Hindawiyya

Ba duk waɗanda suka iso ba ne suka koma. Wasu guzuri ya ƙare musu, wasu dama da niyyar zama maƙwabtan ɗakin Allah suka baro gida. Suka zauna a Misfala da Jarwal da Hindawiyya da gefen titin Mansur. Jikokinsu ne kuke jin sunayensu da Hausawi da Barnawi da Fallata. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan wasa uku cikin tawagar Saudiyya Hausawi ne sunansu: Usama da Umar da Mu'utaz. Tsiren da kakanninsu suka zo da shi ya zama "siriya" a bakin mutanen Makka da Jidda. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Hosh Bakar kuwa ya san yadda ƙamshin daddawa da yaji ke sa mutum ya manta ƙasar da yake.

Wannan abin da ake gani a titi ke nan. Na cikin gida ba a cika ganinsa ba. Mutumin Hijaz na da tasa hular, farar kufiya da ake ɗinkawa a sa mata sitati ta tsaya, a naɗa rawani a kanta ko a sa ta haka nan. Alhajin da ya sauke farali kuma yana neman abin da zai raba wa ƙanne da surukai da maƙwabta, wanda ba shi da nauyi kuma ba zai cinye masa kuɗin komawa ba. Farar hula ta biya wa kowa buƙata.

Tsofaffin unguwarmu kan ba da labarin yadda ake soma shiri tun watan Rajab. A sayo farin yadi da zare, a yanka, mata su taru a ɗakin guda bayan La'asar, ana ɗinki ana hira, wata na jijjiga goyo da ƙafa. Idan alhazai suka fara sauka, yara su ɗauki huluna a tire ko a ƙunshi su bi masaukai. Da wannan kuɗin wata ta biya haya, wata ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, wata ta ba wani alhajin garinsu saƙo ya kai wa uwarta da ba ta gani ba shekara 20. Tsarin bai bambanta da na gida ba. A 1969 wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta kira kasuwancin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida ta hannun yara ɓoyayyen ciniki. Shi ne ya ƙetaro teku ya zauna a gindin duwatsun Makka.

A can gida kuwa farar hular Makka ta zama shaida, kamar haƙorin Makka. Da an ga mutum da ita an san ko dai ya je, ko akwai wanda ya je ya tuna da shi. Mutane da yawa sun sa ta da alfahari ba su san cewa mai yiwuwa 'yar garinsu ce ta ɗinka ba.

Yadda allura ta koma hannun mata

Za ku ce, ai na ce ɗinki aikin maza ne, ya aka yi ya zama na mata? Abubuwa da dama ne suka haɗu. A shekarar da Barth ya shiga Kano, 1851, wani Ba'amurke mai suna Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa. Bayan zuwan Turawa keken ya bazu a ƙasar Hausa, tela ya karɓe ɗinkin haɗa tufa. Yadin kanti ya cika kasuwa, sannan a 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki. Zaren hannu ya rasa mai saye, kaɗin da mata suka dogara da shi tun kaka da kakanni ya soma mutuwa. Mace mai neman na kanta ba ta zama haka nan, sai ta nemi wata sana'ar da za ta yi a ɗaki.

A daidai wannan lokaci makarantu suka shigo da sabon salon ɗinki. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, ɗinki na cikin manyan darussansu. Makarantun mishan ma haka, irin na Wusasa, inda mutanen Dakta Miller suka koma daga cikin birnin Zariya a 1929. Daga nan saƙa da kwarashi ta yaɗu, da ɗinkin furanni a rigar matashi da zanen gado da rufin tebur, da saƙa wa jariri hula da safa. Waɗannan suka shiga kayan ɗakin amarya da kayan barka. A nan ne kyautar Kirsimeti da kyautar Sallah suka haɗu a hannu ɗaya. Bahaushiya Kirista a Wusasa ko Kaduna ko Jos tana ɗinka wa 'ya'yanta da maƙwabta abin Kirsimeti da irin ɗinkin da maƙwabciyarta Musulma ke yi na Sallah, kuma telan da ba ya barci a goman ƙarshe na azumi shi ne ba ya barci kafin 25 ga Disamba.

Sai kuma hula mai aiki. Wadda muke kira zanna, ana danganta sunanta ga Zanna Bukar Dipcharima, ɗan siyasar Borno da ya yi minista a jamhuriya ta farko. Garin Bama ya yi suna da irinta mai laushi da ƙananan ido. Aikin kuwa haƙuri ne tsantsa. Mai zane ya fitar da zane a kan farin yadi, mai ɗinki ta bi shi ido bayan ido, kowane ido a huda a zagaye shi da zare, har a cike jikin hular, a yi kanta daban, a haɗa. Sannan mai wankin hula ya wanke, ya sa sitati, ya ɗora ta a kan itacen da aka sassaƙa daidai kai, ya buga ta ta yi ƙyalli. Mai kyau takan ci makonni, wata ma watanni. A birnin Zariya, daga shekarun 1970, mata suka shiga har ɗinkin babbar riga, yayin da maza da yawa suka koma aikin keke ko aikin albashi. Daga baya wasu cikinsu suka kafa ƙungiyar maɗinka mai sunan Sarauniya Amina.

Da haka tsaraba ta zama mai zuwa da komowa. Alhaji ya taho wa 'yan'uwansa na Makka da zanna da kilishi da daddawa, ya koma da farar hula da dabino da Zamzam. Ranar Sallah a Hindawiyya za ku ga saurayin da bai taɓa taka Najeriya ko Nijar ba, Hausarsa ma a karkace take, sanye da farar jallabiya irin ta Larabawa, amma a kansa zanna ce da gwaggonsa ta aiko daga Maiduguri ko Damagaram.

Babban ɗinkin hannu na garin nan

Kada wani ya ce muku ɗinkin hannu aikin marasa galihu ne. Tufar da ta fi kowace daraja a garin nan, rigar Ka'aba, har gobe da hannu ake yi mata ado. Ƙarnuka da dama daga Masar ake kawo ta. Bayan saɓanin da aka samu da ayarin Masar a Hajjin 1926, Sarki Abdul'aziz ya sa aka buɗe gidan ɗinkinta a Ajyad a 1927. Daga baya Masar ta ci gaba da aikowa, har farkon shekarun 1960 lokacin da aikin ya dawo Makka gaba ɗaya. A 1977 aka buɗe masana'antar da ke Ummul Jud, inda ake yin ta har yau.

Injina ke saƙa baƙin silikin yanzu, amma rubutun ayoyin da hannu ake yi. Ana zana rubutun, a cika cikinsa da zaren auduga ya taso, sannan a lulluɓe shi da zaren azurfa da na azurfar da aka yi wa ruwan zinariya, wanda shi kaɗai ya kai kimanin kilo 120. Ɗamarar da ta zagaye ɗakin tsawonta mita 47 ne, faɗinta santimita 95, a yanki 16. Maɗinkan na shafe mafi yawan shekara a kanta. A da ranar Arfa ake sauya rigar, daga 2022 aka mayar da shi ranar ɗaya ga Muharram. Tsohuwar kuma a yanka ta a yi kyauta da ita ga shugabanni da manyan cibiyoyi. A 1983 an ba Majalisar Ɗinkin Duniya labulen ƙofar Ka'aba, yana hedkwatarta a New York.

Ku duba tsarin da kyau: mai zane, mai ɗinki, watanni a duƙe, sannan kyauta ga wanda ake girmamawa. Bai bambanta da na rigar aska takwas ba, kuma bai bambanta da na tsohuwar da ke ɗinka wa jikanta hula a wani lungu na Hindawiyya ba, tafiyar 'yan mintoci a mota daga masana'antar.

Jirgin sama da kwantena

Abin da ya sauƙaƙa Hajji shi ne ya raunana tsarabar hannu. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda har yau wani yanki na Fagge a Kano ke amsa sunanta. Suka fara da motoci, daga baya jirgin sama ya shigo. A 1975 gwamnatin Najeriya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 1977 kuma, lokacin da kuɗin mai ke ambaliya, alhazan Najeriya suka haura 100,000. Tafiyar da ke cin shekaru ta koma 'yan sa'o'i. Alhaji ya zo da kuɗi a aljihu, kwanakinsa ƙididdigaggu ne, mutanen da ke jiran tsaraba kuma sun kai hamsin ko ɗari. Babu ɗakin mata da zai iya ɗinka wannan adadi. Masana'anta ta iya.

A ƙasar Sin akwai wani birni mai suna Yiwu, a lardin Zhejiang. Daga can kaso mafi tsoka na kayan adon Kirsimeti na duniya ke fitowa, kuma 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Afirka na zuwa can sarin carbi da darduma da sauran ƙananan kaya. Wato kwantenar da ta rage wa tsohuwar Baturiya kasuwar safarta, 'yar'uwarta ce ta rage wa tsohuwar Hindawiyya kasuwar hularta. Hular inji ana sayar da ita dozin-dozin da kuɗin da ba zai sayi zaren ta hannu ba. Ba na ganin laifin alhajin da ya saya, kowa da ƙarfin aljihunsa.

Unguwannin ma sun canza. Aikin babban titin Sarki Abdul'aziz, wanda ake kira Masar, mai tsawon sama da kilomita uku, ya ratsa tsofaffin unguwannin yammacin Harami, ciki har da wani sashe na Hindawiyya. Maƙwabtan da suka yi shekara 40 suna ɗinki a ɗaki ɗaya suka watsu. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar baƙo, kuɗin ya hau har riyal 400 a 2020. Iyalai da yawa suka tattara suka koma Kano da Maraɗi da sauran garuruwa, wasu ma garuruwan da a labari kawai suka san su. Ɗinki irin wannan da kallo ake koyonsa, yarinya na gefen uwa ko gwaggo tana miƙa zare. Idan zaman ya watse, koyon ya tsaya.

Idon mai ɗinki

Akwai wani dalili da aikina na jinya ya sa nake gani kusan kullum, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Mata da yawa sun ajiye allura ne don ba sa ganin kafarta. Za ta ce maka, "'Yar nan, ido ya tafi, tsufa ne." Sau da yawa idon bai tafi ba. Daga wajen shekara 40 ƙwayar ido kan rage laushi, ganin abu na kusa ya yi wuya, kuma wannan na samun kowa. Ni kaina na kai shekarun, da tabarau nake karanta rubutun jikin kwalbar magani. Maganinsa tabarau ne mai araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 mutum miliyan 826 ke fama da wannan matsala ba tare da tabarau ɗin da ya dace ba. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya ya nuna waɗanda aka ba tabarau aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100.

Wasu kuma yanar ido ce, aikinta ɗan gajere ne, galibi a ranar ake sallamar mutum. Mai ciwon suga kuwa ya kamata a duba mata can cikin ido aƙalla sau ɗaya a shekara ko da tana gani garau, domin suga kan yi ɓarna a ɓoye kafin a farga. Don Allah, kai mai aiko wa Hajiya kuɗin kayan Sallah, ka ware wani abu a kai ta a auna idonta. Na ga matan da suka koma ɗinki bayan shekaru da ajiyewa, kuma walwalarsu ta dawo tare da shi.

Sauran aikin naku ne, kuma ba shi da tsada. Idan kuna da tsohuwa mai ɗinki a dangi, a Makka take ko a Zariya ko a Damagaram, ku kira ta ku tambaye ta sunayen zane-zanen da ta sani, da wanda ya koya mata, da hanyar da iyayenta suka bi. Ku naɗi muryarta a waya, ku ɗauki hoton hannunta tana aiki. Idan za ku yi kyautar Sallah ko ta suna ko ta aure, ku ba da ɗinkin abu ɗaya tun da wuri, ku biya kuɗin lokacinta ba tare da dogon tayi ba. Ke da ke zaune a London ko Houston ko Hamburg, ki sayi allura da zare da farin ƙyalle rabin yadi, ki zaunar da yaron da ya yi miki tambayar nan, mace ne ko namiji, tunda kin ji kakanninsa maza ma maɗinka ne. Ko rigar matashi ce mai sunan kakarsa a karkace, ya ɗinka a aika mata da mai zuwa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya tsakanin Burmi da Sawakin, ya ƙara wa iyayenmu mata lafiya da hasken ido.